Ganyen da Kawu Ya Kawo a Gwangwani

Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, ita ce shekarar da garma ta sari Baba a ƙafa. Na daɗe ban tuna da ita ba, sai ran nan da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya shigo da wani tsiro a kasko, ya murza ganye ɗaya ya ba mu mu shinshina. Ƙamshin ya tsaya tsakanin lemon tsami da turaren wardi. Ya rubuta sunansa a allo, jiraniyam. Ni kuwa na san wannan ƙamshin tun kafin in san baƙi.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Rogo zuwa Karaye. Da damina ne, ana huɗar gyaɗa, garma ta kuɓuce wa Baba ta sauka a bayan ƙafarsa ta hagu. Kaka, wato mahaifiyarsa, ta ɗaure da saiwoyin da ta sani. Ciwon ya ƙi. Ya buɗe ya zama gyambo, yana wari, ƙudaje na binsa duk inda aka shimfiɗa masa tabarma. Akwai ɗakin shan magani a Karaye, amma a gidanmu ba mai son jin sunansa. Kowa ya yarda cewa ƙafar da ta je hannun Bature ba ta dawowa.

Ana cikin haka Kawu ya iso daga Kano. Ƙanen Inna ne, yana ban ruwan furanni a gidan wani Bature. Dangin Baba ba sa ƙaunarsa saboda wannan aikin, bayan idonsa yaron Nasara suke ce masa. Ya zo wa Inna da tsaraba biyu: tukunyar ƙarfe, irin wadda ba a taɓa gani a gidanmu ba, da wannan tsiro a cikin gwangwani. Ganyensa yana da gashi-gashi, gefensa a yayyanke.

"Yaya, ki dafa ganyen nan ki wanke masa ciwon," in ji shi. "Na ga kukunmu ya yanke da wuƙa, da shi ya tsayar da jinin. Sauro ma ba ya son warinsa."

Baffa, yayan Baba, ya taɓe baki. Amma Baba yana kwance yana nishi, ya ce a gwada ko mene ne.

A gidanmu a tukunyar ƙasa ake dafa magani, tun kakannin kakanni. Ranar Inna ta so ta girmama ƙanenta a gaban mutanen da suka raina shi, sai ta ɗauko sabuwar tukunyar ƙarfen. Da hantsi ta ɗora. Ƙamshi ya cika tsakar gida har matan maƙwabta suka leƙo. Da ta sauke ta bar shi ya huce, ta buɗe murfi, sai ruwan ya fito baƙi wuluk kamar tawada.

Har yau ina ganin Inna tsaye da murfin a hannu.

"Ganye kore ya ba da baƙin ruwa?" Kaka ta ja da baya. "Wannan ba magani ba ne. Sammu ne."

Baffa ya miƙe ya tsaya a kan Kawu. "Kai, bawan Allah, wa ya aiko ka? Ƙafar kake so, ko ran gaba ɗaya?"

Kawu ya rantse da Allah, ya ce a ba shi ya sha a gabansu. Ya kai hannu, Baffa ya shure tukunyar, ruwan ya malale a ƙasa. Ya fizge tsiron daga gwangwani ya cusa a murhu. Inna ba ta da bakin kare ƙanenta alhali mijinta na kwance. Kafin azahar Kawu ya ɗauki sandarsa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Bayan wannan, gidan ya yi tsit. Aka hana Inna taɓa abincin Baba. Ƙafar kuwa ta ci gaba da kumbura, baƙi yana hawa daga yatsu.

Ran kasuwar Rogo wani tsohon baduku, abokin wasan Kaka, ya biyo duba mara lafiya. Ya ji labari, ya ce a nuna masa tukunyar. Ya lakaci ɓurɓushin da ya bushe a gindinta ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Tsohuwa, kin tsufa a banza," ya ce. "Wannan ai ɓauri ne. Mu da me muke baƙanta fata? Ruwan bagaruwa ya haɗu da ƙarfe, shi ke nan, baƙi. In sammu ne, to ni na fi kowa sammu a ƙasar nan."

Baffa ya ce surutu ne. Sai Inna ta shiga ɗaki ta kunce bakin zaninta, ta fito da 'yan ganyen da suka zube a ƙasa ran nan, waɗanda ta tsince ta ɓoye. Aka dafa su a tukunyar ƙasa. Ruwan ya fito ja-ja kamar shayi. Badukun ya jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki. Muna tsaye muna kallo, baƙi ya fara fita daga jikin ƙusar yana bazuwa kamar hayaƙi.

Ba wanda ya dubi Inna. Ganyen kuwa ke nan, babu saura.

Washegari aka ɗora Baba a jaki zuwa Karaye, daga can aka wuce da shi Kano.

Malaminmu ya yi mana bayani ran nan cewa abu biyu ke cikin ganyen. Akwai mai, shi ne mai ƙamshin, yana tashi da tururi, ana tatsarsa a sa a sabulu da turare da maganin sauro. Akwai kuma ɓaurin da yake zama a ruwa, yana tsuke nama ya rage jini, kuma shi ne yake baƙi in ya taɓa ƙarfe. Ya ce masana suna gwada su a kan ƙwayoyin cuta. Na tambaye shi ko zai warkar da gyambon da ya riga ya ci nama. Ya ce bai sani ba, mai irin wannan ciwon asibiti ya kamata ya nufa tun da wuri. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Yanzu tukunyar ƙarfe tana kowane gida, ɗakin shan magani kuma da ƙafarmu muke zuwa. Baffa ya aika Kano a ba Kawu haƙuri, aka ce ya bar gidan Baturen, ba wanda ya san inda ya nufa.

Abin da muka rasa a daminar nan: ƙafar Baba daga gwiwa zuwa ƙasa, gyaɗar gona biyu da ciyawa ta cinye, tsiro ɗaya, da ƙanen Inna guda ɗaya tak da Allah ya ba ta.