Ɗinkin Malama Basira Da Ya Ƙi Miƙewa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Lahadi, 18 ga watan Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Basira Mu'azu, malamar aji huɗu a makarantarmu ta firamare da ke unguwar Bolewa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina ƙoƙarin sa zare a allura aka aiko mini. Na daɗe riƙe da zaren, na rasa abin da zan yi da shi.

Basira, da ke nake magana, don har yanzu bakina bai saba cewa "marigayiya" ba.

Duk wanda ya zauna da ke a ɗakin malamai ya san ba kya iya ba da kyauta kai tsaye. Ranar da za mu kai yara yawon buɗe ido, ko kasuwar shanu ko gonakin ƙauyen Danchuwa, da kular ɗanwake kike zuwa, wadda sai mutum biyu sun kama. Kin san yaran da suka fito gida ba su karya ba, amma ba ki taɓa nuna ko ɗaya da yatsa ba. Sai ki ɓata rai ki ce, "Hannuna ya zarce wajen kwaɓi, ku taimake ni kada ya lalace." Yaro ya ci ya ƙoshi, ya tashi yana ganin shi ne ya yi wa Malama alfarma. Na sha yi miki dariyar wannan dabara, ban san ni ma za ta biyo ta kaina ba.

Shekarar da maigidana ya rasu, yarana duk sun riga sun watse, wannan tana aure a Gombe, wancan yana aiki a Damaturu. Idan aka tashi makaranta sai in koma gidan da ko kaza babu. Abin da nake tsoro a duniya shi ne tsakanin la'asar da magariba. Ban gaya wa kowa ba, don ni mace ce mai zurfin ciki, kin sani.

Ana nan kika yi mini sallama da yadi ruwan ɗorawa a hammata. Kika ce a kasuwar shanu yarinya ɗaya ta kusa ɓace miki cikin cunkoso, kina so ki ɗinka wa kowane yaro ƙyallen ɗaurawa a wuya, wanda za ki hango daga nesa. "Yaya Hansatu, ke ce mai keke, ki koya mini. Amma kaina da tauri, sai kin yi haƙuri."

Ba ki yi ƙarya ba, a ganina na lokacin. Na koya wa mata da yawa ɗinki, ban taɓa gamuwa da irinki ba. Ki taka keke ya koma da baya. Ki kalmasa baki ya fito kamar hanyar awaki. Na yi faɗa, na warware, na sake nuna miki, ke kuwa sai dariya da hira: labarin hedimasta, tsadar gero, yaron da ya rubuta sunan tunkiyarsu a jarrabawa. Kowace Talata da Alhamis haka muke har a kira magariba. Ina miki tsiya cewa ko ɗan aji ɗaya ya fi ki, amma a zuciyata ina fargabar ranar da hannunki zai faɗa ki daina zuwa. Shekaru suka shige, ranar ba ta zo ba.

Ran sadakar uku ina zaune a ɗakinki, 'yarki Najiba ta kawo mini ruwa. Idon tela ba ya hutawa ko a gidan makoki. Na ga rigar jikinta, na kama gefen na juya: ɗinki a miƙe sambal, wuya ya zauna, hannu ya zauna. Na tambaye ta wane tela ne.

"Umma ce, Mama Hansatu. Ai ita ke mana kayan salla tun muna ƙanana. A gidan kakarmu Inna ta koya, kafin ta yi aure."

Ta ɗaga labule ta nuna mini keke a lungu, tsoho, matakinsa ya sha ƙafa har fentin ya goge. Kukan da na riƙe tun ranar Lahadi, a nan ya ƙwace mini.

Ashe ɗanwaken ne kika kawo mini, Basira. Kin ga yunwata, kika ɓata rai kika ce in taimake ki. Ni kuma na yi ta yi miki faɗa, ina ganin ni ce mai alfarma.

Ƙyallayen yawon bana suna nan kan kekena, rabi kin kalmasa, duk a karkace. Zan ƙarasa sauran, kuma in Allah Ya yarda zan kai yaran zuwa Danchuwa kamar yadda kika yi musu alkawari. Naki kam ba zan warware ko ɗaya ba. Jiya Alhamis, da la'asar ta yi, sai da na fito da kujera biyu kafin in tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Muhammadu Lawan, da Najiba da ƙannenta, da malamai abokan aikinmu, da 'yan aji huɗu da har yau suke leƙen ƙofa idan an kaɗa ƙararrawa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya Ubangiji, baiwarKa ba ta bar ni na zauna ni kaɗai ba. Kada Ka bar ta ita kaɗai a kabarinta.