Garba Mai-geti da Na'urar Kan Layi

A bakin layin dogo aka haifi Garba Sanda, nan Minna. Mahaifinsa yana cikin leburorin da aikin jirgi ya kwaso daga Kano, ya zo ya yi zamansa. Shi kuwa Garba sai ya gaji layin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaron wata mahaɗa a bayan gari, inda hanyar shanu da motoci ta ratsa dogo. Aikinsa ya rufe geti in jirgi na tafe, ya buɗe in ya wuce. Siririn mutum ne mai faɗan tsiya. Matarsa Jummai takan ce da ƙarfen dogo aka ɗaura masa aure, ita rakiya kawai ta yi. Kuma matsoraci ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Da fargaba yake fita aiki, da ita yake komawa gida.

Fargabar nan ce ta koya masa abin da babu shi a takardar aiki, wato garke ba ya yankuwa a tsakiya. Muddin saniyar da ke jan gaba ta tsallaka, sauran sai sun bi ta, ko wuta ce a gabansu. Don haka in an bugo masa waya daga tasha cewa jirgi ya taso, ba geti yake fara duba ba, hanya yake dubawa. In ya hango ƙahoni, sai ya fita a guje yana masifa, ya tsayar da makiyayi tun daga nesa.

A shekarar 1991 wani kamfani ya kawo na'ura ta gwaji. Aka cire getin katako, aka kafa dogayen ƙarafa masu raga ta kowane gefe, aka girke wani akwati mai fitilu. Aka kuma cire wayar Garba, wai ba ta da sauran amfani. Shi aka bar shi da gadin akwati.

Injiniyan da ya haɗa ta, Andrawus, mutum ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, wannan kwamfuta ce, ƙwaƙwalwa gare ta. Tana jin jirgi tun yana nesa, ta sauke ƙarfe da kanta, ta kulle. Ba ta barci, ba ta mantuwa. Nan gaba ma za a yi masu tunani kamar ni da kai."

Garba ya ce, "Na ji tunani. Gabanta yana faɗuwa?"

Andrawus ya yi dariya. "Haba Baba! Ai don ba ya faɗuwa aka kawo ta. Amma wa ya sani, wata rana ƙila a koya musu."

"To in an koya mata, ka kawo ta mu gaisa."

Sati uku na'urar tana aiki babu ko kuskure ɗaya, har Garba ya fara jin kunyar bakinsa.

Ran wata Alhamis da hantsi sai ga Buba, wani dattijon makiyayi da ya shekara ashirin yana ratsa mahaɗar, da shanu wajen sittin. Suka gaisa, suka yi 'yar tsokanar da suka saba. Garba ya kasa kunne, bai ji komai ba. Saniyar gaba ta tsallaka, goma suka bi ta. Nan ƙararrawa ta ɗauki kuka. Jirgin kaya ne da ba ya cikin jadawali.

Ƙarafan suka sauko gaba da baya, suka datse shanu ashirin a kan dogo, Buba na tsakiyarsu. Na baya suna turo ƙarfe, na ciki suna zagaye a ruɗe.

Garba ya kama ƙarfen ya ɗaga iya ƙarfinsa. Ko motsi bai yi ba.

"Buba! Sunkuyo ka fito! Jirgi!"

"In bar su ga wa, Malam Garba?"

Garba bai sake roƙonsa ba, don ya san mutumin. Ya fizgi tsohuwar jar tutarsa, ya hau dogo, ya nufi jirgin da gudu. Shekararsa hamsin da takwas. Takalmi ɗaya ya fita, tsakuwa ta yanke shi, bai tsaya ba. Akwai kwana a gaba, kuma direba ba zai ga mahaɗar ba sai ya karya ta. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya fara rawa. Yana isa kwanar, sai kan jirgin ya ɓullo. Ya kaɗa tuta yana ihu, ya ji an taka birki, ya yi tsalle ya faɗa gefe.

Taragu suka yi ta wuce shi suna ƙara. Sun rage gudu, amma ba su tsaya inda yake so ba.

Da ƙyar ya tashi ya bi gefen jirgin yana ɗingishi, yana addu'a a bayyane. Kan jirgin ya zarce mahaɗar da tsawon tarago biyu. Shanu bakwai ne a ƙasa. Buba yana kwance a gefen dogo, hannunsa riƙe da igiyar wata karsana da ya so ya ja. Rai ya riga ya yi halinsa.

Andrawus ya iso ya buɗe akwatin, ya daɗe yana dubawa. Da ya juyo, hawaye ne a fuskarsa. Ya ce, "Baba, ba ta yi kuskure ba. Abin da aka ce ta yi, shi ta yi."

Garba ya ce, "Na sani."

Da aka janye jirgin, na'urar ta ɗaga ƙarafanta ta kunna koriyar fitila. Babu wanda ya tsallaka.

Wajen la'asar Rekiya, matar Buba, ta zo tare da dangi. Ba ta ko kalli akwatin ba, don ba ta san shi ba. Garba ta sani. Ta tsaya a gabansa, ba faɗa ba zagi, ta ce, "Malam Garba, kullum kai kake tsayar da shi. Yau ina ka je?"

Garba ya juya ya nufi gida. Washegari bai fita aiki ba, bai kuma sake fita ba.