Hannun Hagu a Ɗaure

Yanzu samari kan sayi ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, irin wadda sojoji suka dawo da ita daga bakin teku, kafin wata ya mutu suna kaɗa waƙa a bakin kasuwa. Ba wanda ya ɗora su, ba mai hana su. A ƙuruciyata, tun Nasara bai iso Tasawa ba, gurmi ba abin saye ba ne. Gado ne, kuma wanda ke riƙe da gadon shi ke cewa ka iya ko ba ka iya ba.

Garinmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, cikin kafi. A shekarun nan mahara sun matsa mana. Ƙofa ɗaya ce, tun la'asar ake rufe ta, ko gona ba a zuwa sai cikin taro. Na isa aure ban taɓa kwana wani gari ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ya riƙe ni, Baba nake ce masa, shi ne mai gurmin garin.

Gurmin gidanmu ɓarin duma ne da aka rufe da fatar damo, da sanda, da tsirkiya biyu. Hannun dama ke kaɗawa, na hagu ke danna tsirkiya a jikin sanda ya fitar da waƙa. Sai dai a gidanmu mai koyo ba ya taɓa sandar. Baba kan ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da tsumma, ya tokare sandar a kan gwiwa, dama kaɗai ke aiki. Farcen manuniya ya sauka, babban yatsa ya bi shi, wuyan hannu a sake, ba a kallon yatsu. Da hantsi nakan zauna bayan danga inda mata ke daka, in bi saukar taɓarya. In sun yi sauri in yi sauri, in sun lafa in lafa. Da hannu ya fara ƙagewa sai Baba ya ce in ajiye, wai gajiyayyen hannu mugun hali yake koya.

Na yi yawo daga baya, na ga yadda wasu ke yi. Bafillace a bayan shanu yake koyon molonsa, shi da daji. A Agadas na ga Buzu ya zaunar da ɗansa gabansa, yana yi yana kwaikwayo da hannu biyu tun ranar farko. Larabawan Tarabulus da baki suke fara rera sautin. Na tambaye su da harsunansu, ban sami inda ake ɗaure hannu ba sai gidanmu.

Rani ya wuce, damina ta wuce, ina kaɗa sauti biyu kamar mai saran itace. Bayan girbi ayarin fatake ya sauka bayan kafi, suna sayen gero za su Kano. Madugun ya ce yana son mai kiɗa a hanya, ko mai koyo ne. Ban san wata ƙofar fita ba sai wannan, don mutum ɗaya ba ya bin hanya a lokacin. Na gaya wa Baba.

Ya ce, "Ran da na kwance maka hannu, bi su."

Na ce, "Baba, sun kusa tashi."

"To ka kusa iyawa, ko su tafi su bar ka."

Gwajin gidanmu ɗaya ne. Kana kaɗawa a yi maka magana, ka amsa, hannu bai tsaya ba. Ranar da ayari ke ɗaure kaya, Baba ya zaunar da ni a zaure, ya kira mahaifiyarsa, kakata, wadda ke kirana maigida tun ina goye. Na fara kaɗawa. Ta zauna daf da ni.

Ta ce, "Maigida, wannan ƙara ta mece ce? Kaza ce ke tsattsagar ƙwarya?"

Na ce, "Kunnenki ne ya tsufa, amarya." Hannu yana tafiya.

"Ka ji rowa. Miji da hannu ɗaya, ko goro bai iya miƙo mani."

"In na dawo daga Kano zan lulluɓe ki da baƙin zane, ko a samu mai ɗaukar ki." Hannu yana tafiya. Na ga Baba ya gyara zama.

Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "In ka dawo wa za ka tarar? Ni dai ka yi mani sallama tun yau."

Da na farga, tafin hannuna na kwance a kan fata, zauren shiru. Baba ya tashi ya ɗauki hularsa, ya ce, "Da saura." Kakata ta kakkaɓe zanenta ta shiga gida, ba ta dube ni ba. Har yau ban sani ba ko gwaji ta yi ko riƙe ni ta so yi.

Da azahar na leƙa ta tsakanin itatuwan kafi, na ga jakuna da takarkarai suna shigewa kudu. Washegari da hantsi na koma bayan danga, tsumma a ƙugu.

Cikin daminar da ta biyo baya, Baba ya kwanta, ciwo ya ci masa ɓarin jiki. Wata safiya ya kira ni, ya sa kakata ta kwance tsumman, ya ce in miƙo gurmi ya nuna mani taken manoma. Ya ɗora yatsun hagu a kan sanda, suka ƙi lanƙwasa. Ya gwada rerawa da baki, harshe ya yi nauyi. Muka zauna ina kaɗa sauti biyun nan, yana gyaɗa kai. Bai ga girbi ba.

Da ayari ya dawo na bi shi, ba wanda ya hana ni. Hannun damana na gidanmu ne, ko'ina na kaɗa an yaba shi. Na hagu kuwa a hanya na tsinto shi, kaɗan wajen Fulani, kaɗan wajen Kanawa. Taken manomanmu da sauran waƙoƙin gidanmu a hannun hagun Baba suke, kuma tun daga daminar nan ba wanda ya sake kaɗa su.