Fentin Da Ke Ƙarƙashin Noti

Wata bakwai na yi ban taka shagon Baba ba, kuma ban yi laifin komai ba. Shagon rewaya ne, na gyaran wutar mota, a bakin titi a Yakasai, katanga ɗaya da gidanmu. Tun ina sakandare nake riƙe masa waya, da idonsa ya yi rauni kuwa ni ke shiga but ɗin mota in haɗa abin da ya ce. Sai ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya, ya juya wayoyin batir ya ƙona amfilifayar wani mutum, ya ce wa Baba ni ce. Baba bai tambaye ni ba. Ya ce in koma cikin gida, ya miƙa wa Yaya kayan aikina.

Wata Litinin aka kawo motar wani Alhaji mai tallar maganin gargajiya, irin mai lasifika biyu a sama. Na wuce ta gefenta zan kai markaɗe, but a buɗe, warin sabon fenti ya buge ni. Kore aka yi mata ciki da waje. Kafin azahar Yaya ya gama haɗa mata amfilifaya da lasifikokin. Ina wanke-wanke na ji an kunna: muryar Alhaji tana lissafa basir da shawara, a ƙarƙashinta kuma wani siririn kuka mai shiga haƙori. A taka totur ya hau, a saki ya sauko. Na yi dariya har Umma ta leƙo.

Abin ba wuya. Amfilifaya tana da wayar negetif da ake ɗaurewa da noti a jikin motar. In ba ta taɓa zallar ƙarfe ba, kukan altaneta, wato mai cajin batir, sai ya fito ta lasifika. Baba ya san haka, sau biyu na ji ya tambayi Yaya. Yaya ya ce a ɗaure take tam. Ban yi musu ba, amma na san a kan fenti ya ɗaure ta, Baba kuwa ba zai gani ba.

Na ci gaba da wanke-wankena. Yaya ya canza wayoyi, ya zagi rediyo, ya kwance altaneta ya kai wani gareji a Ƙofar Dawanau aka ce masa lafiyarta ƙalau. Umma ta gane na sani. Ta ce in ji tsoron Allah, sunan ubana ne ke lalacewa. Na ce nawa ya riga ya lalace, ba wanda ya ji tsoron Allah a lokacin.

Ranar Laraba Alhaji ya ce in aka yi la'asar bai ji muryarsa fes ba zai ɗauke motarsa, kuma da lasifikar zai gaya wa unguwa wanda ya yi masa aikin. Sai ga Yaya a ƙofar kicin, yana sosa ƙeya.

"Ƙanwata, a ganinki me ke sa wannan kukan?"

"Yaya, ai ni ƙonawa kawai na iya."

Ya ce in raɗa masa, zai sayo min atamfa. Na ce ina da zani. Na sa hijabi na wuce shi.

A shago Baba na kan benci, Alhaji na tsaye, maƙwabta uku suna kallo. Na durƙusa na gaishe su, sannan na ce zan kashe kukan kafin a kira salla, amma sai Yaya ya faɗi wanda ya ƙona waccan amfilifayar. Alhaji bai san zancen ba, bai kuma damu ba, ya dubi Yaya.

"Malam, in magana ce za ta gyara min mota, yi ta mana."

Yaya ya ce wai an samu kuskure wajen haɗi. Na ce kuskuren wa. Ya kalli tayar mota ya ce, "Nawa."

Ban taɓa notin da hannuna ba. Na sa shi ya shiga but da babbar rigarsa ta zuwa masallaci, ya kwance notin, ya goge fentin wurin da samfefa. Ya ce ya isa, na ce ban ga ƙarfe yana walƙiya ba. Sau uku na mayar da shi, alhali tun a na biyun ma ya isa. Ya ɗaure, na zauna na taka totur har ƙasa. Muryar Alhaji kaɗai ta fito.

Baba ya miƙe daga kan benci. Bai ba ni haƙuri ba, har yau ma. Ya dai ce wa Yaya ya kawo makullin shago, ya lalubo hannuna ya sa min.

Yaya ya yi sati biyu yana karɓar aiki daga bakina, sannan ya bar shagon. Baffa ya aiko a ce min na ci mutuncin ɗansa a gaban jama'a. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya kuma ce masa da gangan na yi.