Albarkar da ƙwallo ya ja wa Sani

"Allah shi yi maka albarka, Sani!"

Ina shiga gidanmu a Zariya na ji Baba ya faɗi haka da ƙarfi. Na ɗauka ƙanena Sani ya kawo mashi buhun hatsi daga Tsibiri. Ashe wasan salula ya ci mashi.

Tun da aka rufe iyaka kasuwa ta mutu, Baba ya koma zaman gida. Ni na saya mashi salular, ni na sa mashi wasan ƙwallon nan mai tsalle bisa katakai, don ya rage kewa. Akwai wani rami mai ƙayoyi da ya hana shi sakat, kullum nan ƙwallon ke fashewa. Ni ma na gwada, na kasa.

Na ce, "Baba, ni da na sayo salular fa?"

Ko kai bai ɗago ba. "Kai ka kawo mani ramin, shi ya fidda ni."

Na yi dariya. Amma wallahi tun ina makarantar lakwal nake jiran albarka da wannan muryar.

Jama'a, wanda ya iya wasan nan ya koya mani. Akwai wani ramin a gaba, kuma Sani sai Juma'a zai dawo.