Wushiryar Rahinatu

Ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Seidu, dillalin shanu, ya taso tun daga Bawku ya dira asibitinmu na Yendi ba. A lokacin ni ce mataimakiyar likitan haƙori, Dokta Mensa, wanda yake zuwa daga Tamale sau ɗaya a wata.

'Yar Alhaji, Rahinatu, malamar makaranta ce a garin. Fiƙoƙinta sun hau kan 'yan'uwansu, shi ya sa muka sa mata waya. Yadda aikin yake, ana manna ƙananan ƙarafa a kan haƙora, a zura musu waya, duk wata a ƙara ɗaure ta kaɗan har su hau layi. Sai dai waya ba ta zaɓe: duk giɓin da ta tarar, rufe shi take yi. Rahinatu kuwa tana da wushirya, kuma ta fara tsukewa. Da ta je gida hutun salla, uban ya lura.

Ranar da ya zo, Rahinatu na kan kujerar Dokta. Ko zama bai yi ba, ya ce mini, "'Yata, faɗa wa Dokta, wa ya aike shi ya toshe wannan ƙofar?"

Rahinatu ta rufe baki da mayafi. "Haba Baba, gyara ne fa."

"Gyara? Saboda irin wushiryar nan na yi ta zarya Salaga har takalmina ya cinye, kafin a ba ni uwarki, Hajiya. Yau ba ta duniya. In kin yi dariya, ita nake gani."

Na fassara. Dokta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya tambayi Rahinatu ita me take so, tunda bakinta ne. Ta ce da ma tana so a bar mata, kunyar faɗa ta ji.

Ranar Dokta ya sa ɗan sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya, tsakanin haƙoran gaba biyu don ya riƙe giɓin, sauran suka ci gaba da tafiyarsu.

Da aka zo cire waya, Alhaji ya dawo da ƙullin goro. Rahinatu ta washe baki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Ya juya yana share ido, yana cewa fankarmu ce ta yi ƙarfi.

Tun daga nan, kafin mu manna ƙarfe ko ɗaya, sai na tambayi mutum: me za a gyara, me kuma za a bar maka?