Rijiyar da Rakiya Ta Gina a Ordinatera

Ranar rufe ajin hutu a Tanut ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ku da za ku fara koyarwa bana ya kamata ku ji labarinta.

Lokacin ina aiki a gidan matasa, ina koya wa yara rubuta wa ordinatera, wato kwamfuta, umarni. Tsarinmu shi ne kowane yaro ya gina wasansa, irin wanda mutum ke shiga ciki ya waiwaya, ya ga gaba da baya kamar a fili. Ranar rufewa sai a haska wasannin a bango, iyaye su gani.

Akwai wata ɗaliba, Rakiya, ƴar shekara goma sha biyu, iyayenta sun taso daga Ollelewa. Ba ta da yawan magana. Ta gina gida da shinge da rijiya, ga wani ɗan yaro mai jar riga yana nufar bakin rijiyar, mai wasa kuma zai ruga ya ɗauke shi. Ni na nuna mata yadda za ta rubuta cewa idan yaron ya kai bakin rijiya, ya faɗa. Har yaba mata na yi. Kullum tambayarta ɗaya ce, yaya za a ƙara wa mai gudun sauri.

Ranar da aka haska wasan, Rakiya ce ke dannawa, ta makara, mai jar rigar ya faɗa. Yara suka yi dariya. Sai mahaifiyarta ta miƙe daga tabarmar mata ta ce, "Sani ne." Mata suka riƙe ta.

A nan wata maƙwabciyarsu ta gaya mini cewa Sani ƙanen Rakiya ne. Bara ya faɗa rijiya, kuma Rakiya aka bar wa shi ranar. Na kasa ko kashe na'urar.

Direktan gidan matasan ya kira ni ofis, ya ce a goge wasan, kuma zai duba ko ajin zai ci gaba. Washegari mahaifin Rakiya, Malam Idi, ya zo tare da ita. Na zata faɗa ya kawo. Ya ce jiya da suka koma gida Rakiya ta ambaci sunan ƙanenta, abin da ba ta yi ba tun rasuwarsa. Na gaya masa direkta ya ce a goge wasan.

"Mushe, kar a goge," in ji shi, haka ake kiran malamai a wurinmu. "Nuna mini inda ake dannawa."

Bai taɓa riƙe ordinatera ba, ya yi ta kuskure. Rakiya ta ɗora hannunta a kan nasa, suka ɗauke yaron tare. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata ba laifinta ba ne. Direkta na tsaye a ƙofa, bai sake maganar gogewa ba.

Abin da na koya shi ne, yaro kan zuba a wasansa abin da bakinsa ya kasa faɗa. Kafin ku gyara masa umarni ko ɗaya, ku zauna ku tambaye shi: wane ne wannan da ka sa a ciki?